Kada Mu Ga Hadari Mu Zubar Da Ruwan Tulu

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, batun da na zaɓa in yi magana a kansa bana ya shafi kwamfuta da wayar hannu, da yadda waɗannan na'urori ke magana da junansu. Na san wasu za su ce wannan ai zancen injiniyoyi ne, ina ruwan ɗan makaranta da shi. To, da ruwanmu ƙwarai, gama duk wanda ya taɓa aika kuɗin makaranta ta waya, ko ya karɓi kuɗi wajen mai POS, ko ya kwanta asibiti, ya dogara da wannan al'amari ko ya sani ko bai sani ba. Tambayar ita ce, idan hanyar sadarwa ta tsufa, amma har yanzu akwai masu bin ta, ya kamata masu yin manhaja su ci gaba da kula da ita, ko kuwa su toshe ta kowa ya yi ta kansa? Ra'ayina shi ne tsufa kaɗai bai isa dalilin toshe hanya ba. Abin da ya kamata a duba shi ne su wa ke bin ta, da kuma ko suna da wata.

Kafin in yi nisa, bari in bayyana kalmomin da zan yi amfani da su. Kowace kwamfuta, da kowace babbar waya, tana da wata babbar manhaja wadda ita ce ke fara tashi in an kunna na'ura, ita ce kuma ke ba sauran manhajoji izinin aiki. Ita zan riƙa kira uwar manhaja. Misalanta su ne Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da Linux wadda masu sa kai da kamfanoni da yawa ke haɗa hannu su gina, da Android wadda ke cikin yawancin wayoyinmu. Idan kwamfuta biyu za su yi magana, suna bukatar abu biyu. Na farko hanya, watau waya ko iska, da ɗan ƙarfen da ke haɗa kwamfuta da ita. Na biyu yare, watau ƙa'idodin da suka yarda da su na sallama da amsawa da aika saƙo. Uwar manhaja ce ke riƙe da yaren, ita ce kuma ke riƙe da 'yan ƙananan manhajoji da ake kira direba, waɗanda aikinsu na tafinta ne tsakanin kwamfuta da ƙarfen. Ran da aka cire yare ko tafinta daga uwar manhaja, na'urar da ta dogara da su ta zama kurma, ko da kuwa lafiyarta lau.

A da can yarukan nan suna da yawa, kowane kamfani da nasa. A 1973 wani injiniya mai suna Robert Metcalfe, yana aiki a kamfanin Xerox a Amurka, ya tsara hanyar da ake kira Ethernet. Dabararta kamar ta zaman hira ce: kowa ya saurara, in ya ji shiru ya yi magana, in biyu suka yi karo sai su dakata kaɗan su sake. A 1985 kamfanin IBM ya fito da tasa mai suna Token Ring, wadda ta fi kama da majalisa mai tsari, inda ake zagayawa da wata alama, sai wanda take hannunsa ke da bakin magana. A wannan shekara kuma Apple ya fito da AppleTalk. Kamfanin Novell yana da yarensa IPX, wanda ya cika ofisoshi, kamfanin DEC kuma yana da DECnet. Ana cikin haka sai wani yare mai suna TCP/IP, wanda hanyar ARPANET ta Amurka ta koma kansa ran 1 ga Janairu 1983, ya yi ta bunƙasa har ya zama yaren intanet. Daga ƙarshe Ethernet da TCP/IP suka cinye kasuwa, sauran suka yi ta ja da baya.

A ganina tsofaffin hanyoyin nan kashi uku ne, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a haɗa su a yi musu kuɗin goro. Kashi na farko su ne waɗanda suka mutu murus. Microsoft ya daina sa IPX tun daga Windows Vista da ta fito a 2007. Apple da kansa ya cire AppleTalk a 2009. Masu kula da Linux sun fi haƙuri, amma su ma sun cire Token Ring a 2012, da IPX a 2018, da DECnet a 2022. Ban ga laifin kowa a nan ba. Kamfanin DEC ma kansa ya daina zaman kansa tun 1998 da aka saye shi, watau yarensa ya yi shekara 24 a cikin Linux da sauran wurare bayan mai shi ya kau. Wanda ya yi wa baƙo irin wannan riƙo ba a ce masa marowaci.

Dalilin cirewar kuwa ya kamata mu fahimce shi da kyau, domin masu yin manhaja ba mugunta ke sa su ba. Manhaja ba kamar tsohuwar kujera ba ce da za a jefa a ɗakin ajiya a manta. Zuciyar Linux kaɗai tana da layin rubutu fiye da miliyan 30, kuma sassanta a sarƙe suke da juna. Duk lokacin da aka canja wani sashe, sai wani mutum ya bi tsofaffin direbobi ya gyara su don su dace, sa'an nan ya gwada. To, in babu wanda ke da katin Token Ring da zai gwada da shi, gyaran ya zama lalube cikin duhu. Ɗakin da ba a shiga kuwa shi ne maɓoyar kunama. Kurakuran da ke cikin sashen da ba mai dubawa su ne ɓarayin intanet ke nema. Saboda haka idan an yi cigiya, an jira, babu wanda ya ce yana amfani da abu, babu kuma wanda ya yarda ya ɗauki nauyinsa, cire shi shi ne daidai.

Kashi na biyu su ne tsofaffin da har yau ke ɗauke da duniya a ka. Salon adireshin intanet da ake kira IPv4 an rubuta shi a 1981. Yana da adireshi wajen biliyan 4.3 kawai, alhali mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022, kuma babban rumbun da ake rabon adireshin daga cikinsa ya ƙare a Fabrairu 2011. An tsara magajinsa IPv6 tun cikin shekarun 1990, amma har yau babu uwar manhajar da ta yi gangancin cire IPv4, sai dai a tafi da su biyu kafaɗa da kafaɗa. Haka nan hanyar RS-232 ta 1960, wadda injiniyoyi ke jona kwamfuta da ita su saita manyan na'urorin sadarwa. Haka nan yaren Modbus na 1979, wanda injunan masana'antu da mitocin lantarki da na'urorin wutar sola da yawa ke magana da shi. Ethernet ɗin ma da muke gani a ɗakin kwamfuta ta haura shekara 50, ana ta ƙara gudunta. Waɗannan sun ishe mu shaida cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma shekarun haihuwar abu ba su ne ma'aunin amfaninsa ba.

Kashi na uku shi ne mai wuya, a kansa kuma gardama take. Su ne hanyoyin da suka tsufa, suna da rauni, amma jama'a ba su bar su ba. Babban misali shi ne yaren SMB, wanda kwamfutocin Windows ke raba fayil da injin buga takarda da shi. Salonsa na farko ya samo asali tun shekarun 1980, lokacin da ba a tunanin ɓarawo zai shigo ta waya. An fito da sabon salo a 2006, amma aka bar tsohon a kunne cikin kowace Windows don kada tsofaffin na'urori su tsaya. Ran 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wani rami da ke cikin tsohon salon, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Tana kulle fayilolin mutum ta ce sai ya biya dala 300. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da aikin tiyata wajen 19,000, wasu asibitocin ma suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Lalle sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ke son a share duk tsohon abu zai ce, to ga shi nan, me ya rage a faɗa? Amma a duba labarin da kyau. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ramin tun watan Maris, wata biyu kafin aukuwar abin, kuma yawancin kwamfutocin da aka kama Windows 7 ce a cikinsu, wadda a lokacin ana kula da ita, masu su ne ba su sa maganin ba. Ashe sakaci ya yi ɓarna daidai da tsufa. Sa'an nan a duba abin da kamfanin ya yi bayan haka. Ya fitar da magani har ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 2014. Daga ƙarshen 2017 kuma ya daina kunna tsohon SMB a sababbin Windows 10 na ofisoshi, a na gida kuwa ya tsara cewa in an yi kwana 15 ba a yi amfani da shi ba ya cire kansa, amma wanda ke da tsohon injin ɗaukar hoton takarda da ba ya jin wani yare sai shi, yana iya kunna shi da hannunsa. Wannan ita ce hanyar da nake goyon baya. An rufe ƙofa, an bar mabuɗi hannun mai gida.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne layin waya na 2G, watau GSM. An fara shi a ƙasar Finlan a 1991, ya iso Nijeriya a Agusta 2001. Rauninsa sananne ne: hasumiya tana tantance waya, amma waya ba ta tantance hasumiya, don haka mai mugun nufi yana iya kafa hasumiyar ƙarya ya yaudari wayoyin da ke kusa. Saboda wannan, da kuma son ba sababbin layuka fili, kamfanin Telstra na Ostareliya ya rufe 2G a 2016, AT&T na Amurka ya rufe nasa a farkon 2017, ƙasar Singafo kuma ta rufe gaba ɗaya a 2017. Su wannan ya yi musu daidai. Mu fa? Ƙaramar wayar da kakanninmu ke riƙewa, mai kwana uku ba a yi mata caji ba, da 2G take aiki. Lambobin nan masu tauraro da ake dannawa a tura kuɗi ko a duba asusu ba tare da intanet ba, a kan irin wannan waya miliyoyin mutane ke danna su. A ƙauyuka da yawa kuma in ka bar bakin titi, 2G kaɗai za ka samu. Da masu yin Android sun cire 2G don ya mutu a Amurka, da sabuwar waya ta zama abin ado a rabin ƙauyukanmu. Abin da suka yi a Android 12 ta 2021 shi ne suka sa maɓallin da mutum zai kashe 2G in ya ga dama. Ɗan jaridar da ke tsoron a saurari maganarsa ya kashe, manomin da ba shi da wani layi ya bar shi a kunne.

A nan ne na ga inda gizo ke saƙar. Kafin a cire abu akan ce, ai babu mai amfani da shi kuma. To, wa ya ƙirga, kuma wa aka ƙirga? Kamfanoni suna sanin abin da jama'a ke amfani da shi ta rahoton da na'urori ke aika musu ta intanet. Kwamfutar da ke kan intanet dare da rana kullum tana cikin lissafi. Kwamfutar ƙaramin asibiti ko ta makarantar ƙauye, wadda sai an tada janareta take aiki, kuma ake kashe mata data don tsimi, ba ta cikin lissafin kowa. Masu kula da Linux su kuma sukan yi sanarwa su jira ƙorafi, amma da Turanci ake yi, a wuraren da injiniyoyi kaɗai ke zuwa. Ke nan mutanen da suka fi dogara da tsohon abu su ne muryarsu ta fi nisa da wurin yanke hukunci. A ƙarshen 2022 ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, Greg Kroah-Hartman, ya kawo shawarar a kashe direbobin wani tsohon yaren Microsoft mai suna RNDIS saboda rashin tsaronsa. Sai mutane suka tuna masa cewa da wannan yare ne wayoyin Android masu yawa ke ba kwamfuta intanet ta wayar caji. Ga wanda ke da intanet har cikin ɗakin kwanansa wannan ƙaramin abu ne. Ga ɗalibin da wayar yayansa ce kaɗai hanyarsa ta cike takardar jarrabawa, babban abu ne.

Akan ce kuma, to su sayi sabo mana. Wannan magana tana da sauƙi a bakin mai kuɗi. Yawancin kwamfutocin da ke makarantunmu da shagunan buga takardu na gwanjo ne, sun gama zamaninsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mu. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa tana bukatar wani ɗan ƙarfen tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba, abin da tsofaffin kwamfutoci masu ɗimbin yawa ba su da shi. Injin asibiti kuma, irin na ɗaukar hoton ƙirji ko na gwajin jini, ana sayensa ne don ya yi shekara 15 ko 20, alhali uwar manhaja takan yi shekara 10 a daina kula da ita. Shin za a yar da injin miliyoyin naira mai lafiya don kawai sabuwar kwamfuta ta manta yarensa? In an yar kuma, ina za shi? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Wani kaso na sauran a bololin Afirka yake ƙarewa, inda yara irinmu ke ƙona waya don su ciri jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin.

Iyayenmu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ke faruwa in aka janye tsoho kafin sabo ya wadata. A Oktoba 2022 aka ba da sanarwar canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ƙarshen Janairu 2023 ya zama wa'adin tsofaffin. Sababbin ba su isa ba, kasuwanni suka tsaya, mai kuɗi a banki ya rasa na cefane, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Ba wanda ya ce sabon kuɗi mugun abu ne. Gaggawar ce ta yi ɓarna. A waɗannan makonni kuwa, abin da ya rufa wa mutane da yawa asiri shi ne tura kuɗi ta lambobin nan masu tauraro, watau tsohuwar hanyar da wasu ƙasashe suka riga suka binne.

Akwai wata hujja da masu ɗaya ra'ayin ke kawowa wadda ba zan raina ba. Suna cewa in ba a matsa wa mutane ba, ba za su taɓa canjawa ba, gama sabo turken wawa ne. Da gaskiyarsu. IPv6 ya yi shekaru masu yawa yana jira domin tsohon bai daina aiki ba, kowa kuma yana cewa sai gobe. Amma matsi iri biyu ne, akwai na wanda ya ba ka wa'adi ya nuna maka hanya, akwai na wanda ya janye tsani kana sama. Kamfanin AOL na Amurka bai rufe intanet ɗinsa na layin tarho ba, irin mai kukan nan da gudunsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, sai a ƙarshen Satumba 2025, bayan shekaru fiye da 30, domin akwai mutanen karkara da suka daɗe ba su da wani. A Ingila kamfanin BT ya shirya rufe tsohon layin tarho a ƙarshen 2025, amma da aka ga tsofaffi da marasa lafiya da yawa suna da na'urar kiran agaji da ke dogara da shi, sai a 2024 aka ɗaga wa'adin zuwa Janairu 2027. In ƙasashe masu arziki suna jinkirtawa don raunanansu, bai kamata a ce namu raunanan su yi tsalle ba.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace masu yin uwar manhaja su riƙa yi. Da farko, su ba da sanarwa mai tsawo, ta shekaru, a rubuta ta cikin na'urar kanta inda mai amfani zai gani, da harshen da zai gane. Na biyu, duk hanyar da ke da rauni amma ana bin ta, a kashe ta tun daga masana'anta, a bar maɓallin kunnawa tare da gargaɗi. Na uku, kafin a ce babu mai amfani da abu, a tambayi kamfanonin waya da asibitoci da makarantu na ƙasashen da ake kai wa tsofaffin kaya. Na huɗu, kamfanin da ya gaji da kula da wani direba ya saki rubutunsa a fili don wasu su ɗauka su ci gaba. Wanda ya sayar da inji ya karɓi kuɗi, bai kamata ya kulle sirrin yarensa a aljihu ya tafi ba, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma akwai namu nauyin, kuma ba sai mun jira kowa ba. Hukumar makaranta ko asibiti da za ta sayi inji, ta tambayi mai sayarwa da wane yare yake magana, shekara nawa kuma za a kula da manhajarsa, a rubuta amsar cikin takardar ciniki. Inda ya zama dole a riƙe tsohuwar kwamfuta saboda wani inji, a ware ta, a raba ta da intanet, kada kowa ya riƙa cusa mata filas, yadda akan ware mai ƙyanda daga sauran yara. Duk kwamfutar da ke kan intanet kuma a riƙa sa mata gyare-gyaren tsaro da zarar sun fito, ko da za su ci data, domin rigakafi ya fi magani, kuma asibitocin Ingila sun riga sun biya kuɗin wannan darasi. Kwamfutar da Windows 11 ta ƙi kuwa, ba lalle ta tafi bola ba, akwai ire-iren Linux marasa nauyi da ake samu kyauta waɗanda za su iya tashinta ta ƙara shekaru tana aiki.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana 'yan makaranta, musamman masu sha'awar kimiyya. Linus Torvalds ɗalibi ne ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki lokacin da ya fara Linux a 1991, kuma har yau ƙofar aikin a buɗe take ga duk wanda ya iya. Yawancin tsofaffin direbobin da aka cire, an cire su ne don an yi cigiyar mai kula da su ba a samu ba. Mu da muke zaune cikin tsofaffin na'urorin nan, muke ganin amfaninsu kullum, mu ya fi cancanta mu koyi yarensu, mu iya gyaransu, mu kuma iya tashi mu ce akwai masu bin wannan hanya, ga mu nan. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in sun ga yaro yana kwance tsohuwar kwamfuta yana haɗawa, kada su ce ɓata lokaci yake yi. Sabuwar hanya tana zuwa, muna kuma maraba da ita, amma sai ruwan sama ya sauka a gidan kowa sa'an nan a zubar da na tulu.